Ƙafa Tara

A bayan Titin Faransa, inda kwata ke ambaliya da damina,
nan shagon Baba Tasi'u yake, faɗinsa taku huɗu.
Shekara arba'in da shida yana zana hanjin rediyo
a bayan takardar buhun siminti
da fensirin da yake fiƙewa da reza.
Bara gara ta shiga akwatin.
Ta cinye amfilifayar masallacin unguwa tun daga taransifoma,
ta bar mana rabin lasifika da jar ƙasa.

Na ce, Baba, bari in kwashe sauran in zuba a kwamfuta.
Ya ce, nawa?
Shi ko gaisuwa ka kawo masa sai ya tambayi kuɗinta.
Na ce kyauta.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Manhajar farko Mudassir ne ya sa min a Fam Santa,
tana walƙiya kamar shagon 'yan gwal.
Kwana talatin ina jan layi.
Ran na talatin da ɗaya ta ja ƙofa da zanena a ciki,
ta ce sai dala.
Ashe ɗanɗanon mai tsire ne.

Ta biyu ba ta motsi sai da data,
mu kuwa a layinmu sabis sai ya ga dama.
Na jawo waya daga kondansa,
kafin ta isa inda na aike ta
wani ɗan zobe ya hau juyi a allo,
yana juyi, yana juyi, har aka kira la'asar.

Ta uku ba kwalliya, fuska a murtuke.
Amma ba ta tambayi lambar katina ba,
in an ɗauke wuta tana nan inda na bar ta,
kuma maƙeranta sun bar murfin a buɗe,
mai so ya leƙa, mai iyawa ya gyara.
Haka bayan rediyon Baba yake, kusa huɗu ka kwance, ka ga komai.

Sai na nemi bawul.
Na zazzage rumbunta kaf,
taransisto kamar tsaba,
irin kwalbar Baba ko ɗaya,
sai ka ce jiya duniya ta fara magana.

To, na zauna na ƙera.
Da'ira. Gajeren layi a sama, faranti ke nan.
Ɗigo-ɗigo a tsakiya, raga.
Can ƙasa ɗan lanƙwasa, inda wuta ke kwana.
Ƙafa tara, kowace na ba ta lamba.

Baba ya jawo kujera. Yana ta ci rabin ganinsa,
sai da hancinsa ya kusa taɓa allon.
Ya daɗe.
Ya ce, ta sama ka ƙirga.
Bawul kifa ta ake yi,
ka fara daga giɓin, ka bi hannun agogo.
Huɗu da biyar na zafi ne.
Yadda ka yi ɗin nan, ranar kunnawa
sai dai a kira 'yan kwana-kwana.

Na goge. Takarda ba ta huje ba, tabo bai saura ba.
Duk cikin abin, wannan kaɗai ya burge shi.

Bayan isha ya ce, wadda ka zana ɗin, ta wa ce yanzu?
Na ce tamu.
Ya ce a'a. Wanda aka ara wa tsani
ba ya hawa ya janye shi.
Mayar musu. Ka sani ko akwai wani tsoho a wani gari
da gara ta yi wa irin tamu.

Na aika, da datar naira ɗari biyu.
Shi kuma ya murɗa tsohuwar rediyonsa,
muka yi shiru, don ita ba a yi mata gaggawa,
sai cikin kwalbar ya yi ja kamar garwashin mai masara,
sannan murya ta taso, ƙasa-ƙasa,
tana faɗin farashin gero a Dawanau.

Saura takarda sittin da ɗaya.